Kayan aikin farko na haɗa ƙananan jirage da motocin roba: me za ka saya, me za ka bari

Kwalin ƙaramin jirgi ko mota na haɗawa, in ka buɗe shi, abin da za ka tarar firam-firam ne na roba, kowanne ɗauke da ɓangarori masu lamba, sai takardar umarni da takardar sitika. Galibi babu gam a ciki, babu fenti, babu abin yanka. Daga nan ne sabon shiga yake ruɗewa. Ya shiga YouTube ya ga teburin wani Bajapane cike da kwalabe da na'urar feshi, sai ya ɗauka sai ya tara duk wannan kafin ya taɓa kwalinsa. Ga mai zaune a Jidda ko Makka ko Riyad, da kuɗin haya da na iƙama a wuyansa, wannan lissafin kaɗai ya isa ya mayar da kwalin saman kabad.

Abin da nake gani shi ne, kayan da suka cancanci ka kashe musu kuɗi na gaske guda biyu ne rak: abin yanka da gam. Sauran ana samun su a saidaliyya, da maktaba, da shagunan abu riyalen, wasu ma suna cikin kicin ɗin gidanka. Bari mu bi aikin yadda yake tafiya, kowane kaya a inda ake buƙatarsa.

Fara da duba kwalin

Kit ɗin da ka zaɓa, wato kwalin abin haɗawar, shi ke faɗa maka kayan da za ka nema. Lambar da ke jikin kwali, kamar 1/72, tana nufin ainihin abin ya ninka samfurin sau 72. Jirgin Spitfire mai tsawon kusan mita 9 yana dawowa santimita 13 a wannan ma'auni. Motoci yawanci 1/24 ne, Land Cruiser na dawowa kusan santimita 20. Tankokin yaƙi 1/35, ma'aunin da kamfanin Tamiya na Japan ya yaɗa. Jiragen fasinja 1/144, inda Boeing 747 ke kusan rabin mita. Jiragen ruwa 1/350 ko 1/700, kuma waɗannan ka bar su tukuna, ɓangarorinsu sun yi ƙanƙanta ga hannun da bai saba ba.

Akwai kit ɗin da ba ya son gam ko kaɗan. Gunpla na kamfanin Bandai, wato mutum-mutumin yaƙi na zanen Gundam, wanda ya fara fitowa a 1980, matsa ɓangarorinsa ake yi su kama juna, kuma robar da launinta take zuwa. In shi ka saya, abin yanka da abin goge gefe sun ishe ka. Na Airfix da Revell da Italeri da Tamiya kuwa galibi sai da gam da fenti. Airfix da Revell suna da kwalayen masu koyo da ke zuwa da ɗan gam da burushi da ƙananan fenti a ciki. Ba laifi don ɗanɗana, sai dai fentin ciki kan yi kauri in kwalin ya daɗe a shago. Revell na rubuta matakin wahala daga 1 zuwa 5 a jikin kwali. Ka tsaya a na 3 ko ƙasa.

Mutanenmu da yawa sun fi natsuwa da mota da jirgi da kwale-kwale, abubuwa marasa rai. Ɗan mutum-mutumin direban jirgin da ke zuwa cikin wasu kwalaye ba dole ba ne, ana barin kujerar haka nan kuma ba a rasa komai ba.

Abin yanka: nan ne za ka buɗe aljihu

Kowane ɓangare yana maƙale da firam ta wani siririn wuya. Kada ka murɗe shi da hannu, zai ɓalle da naman ɓangaren ya bar rami. Almakashi ma bai dace ba, haka filayar mai gyaran wuta, domin bakinta mai kauri ne, matse roba take yi har ta fashe. Abin da ake so ƙaramar filayar yanka ce da aka yi don roba, wadda bayan bakinta a shafe yake sumul. Masu shago sun san ta da nifa. Wannan shafaffen gefen shi kake juyawa wajen ɓangaren, ɗaya gefen ya kalli firam.

Iri biyu ne. Akwai mai kaifi biyu, wadda bakunan ke haɗuwa a tsakiya, ita ce mai juriya kuma da ita ya kamata ka fara. Ta Tamiya mai siririn baki ta shahara a wannan. Akwai mai kaifi ɗaya, irin ta GodHand, wadda baki ɗaya ke yanka ɗaya na tallafewa. Yankanta ya fi tsabta nesa ba kusa ba, amma bakin siriri ne ƙwarai, in ka sa shi a firam mai kauri ko robar gilashi, wato wadda ake gani ta cikinta, zai iya karyewa, ga tsada. Sabon hannu ba ya buƙatarta.

In a shago kake, ka ɗaga nifar sama wajen fitila ka rufe bakinta. In haske na ratsawa tsakanin bakunan, ajiye ta. Ka matsa ka saki sau da yawa, ka ji ko tana girgiɗi gefe da gefe a wurin ƙusar. Mai girgiɗi ba za ta taɓa yanka daidai ba.

Yankan kansa sau biyu ake yi. Na farko ka yanke nesa da ɓangaren, ka bar masa ɗan kututture kamar milimita 2 ko 3. Yanzu ya rabu da firam, yana hannunka, kana iya juya shi yadda kake so. Sai ka yi na biyu kusa da jiki. In ka yanke daf da jiki tun farko, firam na jan ɓangaren yayin da bakin ke matsawa, sai ka ga wani farin tabo ya fito a wurin, musamman a roba mai duhu. Robar ce ta ji jiki, kuma tabon ba ya gogewa sai dai fenti ya rufe shi. Nifar nan kuma kada ta taɓa waya, ko da siririya ce. In akwai yara a gida ka ɓoye ta, don ranar da aka yanke farce ko igiyar caja da ita, ta gama aiki.

Wuƙa da shimfiɗar yanka

Wuƙar da ake so ita ce mai mariƙi kamar biro, da ake sauya wa baki. X-Acto mai baki lamba 11 shi ne sananne, na Olfa ma yana da kyau. Sashen kayan zane na manyan maktabu irin su Jarir ne wurin da za ka fara dubawa. Mariƙin ko mai araha ya wadatar. Abin lura shi ne bakin: ka sayi fakitin ƙari tun ranar farko, ka riƙa sauyawa da zarar ka ji kana dannawa da ƙarfi. Dakusasshen baki shi ke zamewa ya shiga yatsa.

Amfaninta biyu. Da kaifin kake fere ragowar kututture, kaɗan-kaɗan, kana tura bakin nesa da yatsanka. Da bakin a tsaye kuma kake kankare siririn layin da ke zagaye kowane ɓangare, wurin da ɓari biyu na abin da aka zuba robar a ciki suka haɗu a masana'anta. Ka duba tayar jirgi ko bututun bindigar tanka za ka gan shi. Ja biyu ko uku ya ɓace.

Mariƙin a mulmule yake, yana gangarowa daga tebur, kuma da baki yake sauka. Mu da muke zama ba takalmi a cikin gida, wasu ma a ƙasa suke aiki kan dadduma, wannan ba wasa ba ne. Ka naɗa masa ɗan salatif ka bar kunne a gefe, ba zai sake mirginawa ba. Shimfiɗar yanka, koriyar nan mai layuka, girman A4 ta isa, A3 ta fi sakewa. Kada ka bar ta a rana ko cikin mota, tana lanƙwashewa kuma ba ta komawa daidai.

Goge-goge

Nan ba sai ka wahala ba. Sanfefa mai lamba 400, 600 da 1000 daga shagon kayan gini ko SACO. Yadda lamba ke ƙaruwa haka laushi ke ƙaruwa. Ka nemi irin wadda ake jiƙawa, ka yayyanka ƙanana, ka manna wasu a jikin sandar askirim don wuri mai shafe. Abin goge farce na saidaliyya, mai soso-soso, yana aiki sosai a wuri mai lanƙwasa. Ka riƙa tsoma sanfefar a ruwa, ƙurar ba za ta tashi ba, ba za ta toshe ba. Daga mai kaushi ake farawa a gangaro mai laushi.

Gam, da dalilin da ya sa sufa gulu ba shi ba ne

Wannan shi ne wurin da aka fi yin ɓarna. Yawancin kit da roba mai suna folistarin ake yin su, kuma gam ɗinsu narkar da fuskar robar yake yi, ɓangarorin biyu su narke cikin juna, in ya bushe sun zama abu guda, kamar dai walda. Shi ya sa ba ya kama ƙarfe ko katako, kuma ba ya aiki a kan fenti ko kan ɓangaren da aka yi wa ruwan azurfa, irin bambar mota. Sai ka kankare wurin haɗin har roba ta fito.

In kwalba ɗaya za ka saya, ka sayi Tamiya Extra Thin, mai koren murfi, da ɗan burushi a jikin murfin. Ruwa ne tsararo. Ba shafa shi ake yi a haɗa ba. Ka fara haɗa ɓari biyun a bushe, ka tabbata sun zauna. Kana riƙe da su, sai ka taɓa bakin burushin a kan layin haɗin. Za ka ga ruwan ya ruga cikin tsagar da kansa, santimita biyu ko uku, layin ya yi duhu yana sheƙi. Ka ƙirga zuwa goma, ka matsa a hankali. Wani siririn zare na narkakkiyar roba zai bulbulo a kan layin. Kada ka share shi. Ka bar shi ya kwana, gobe ka kankare da wuƙa ka bi da sanfefa, layin haɗin ya ɓace gaba ɗaya ba tare da ka cike komai ba. Abu ɗaya za ka kiyaye: kada yatsanka ya kasance a kan layin lokacin da ruwan ke gudu. Zai bi ƙarƙashin yatsan ya buga zanensa a jikin jirgin.

Mai kauri, irin Tamiya mai farin murfi ko Revell Contacta mai allurar ƙarfe, yana da amfani a manyan wurare kamar fukafuki, inda kake son lokacin gyara zama. Ana iya jinkirta sayensa.

Sufa gulu na da wurinsa, wato haɗa ƙarfe da roba, amma sabon shiga da wuya ya gamu da wannan. Kada ya kusanci gilashin jirgi ko na mota: tururinsa na bar wa robar gilashi farin hazo daga ciki, inda hannu ba ya kaiwa. Gam mai narkarwa ma yana ɓata ta. Abin da ya dace da gilashi farin gam ne na makaranta ko na kafinta, a ɗiga da tsinken sakace. In ya bushe ba a ganinsa, in ya yi yawa a share da jiƙaƙƙiyar auduga.

Ga wata magana da ba za ka ji ta a bidiyon Turawa ba. Sufa gulu da busasshen fenti suna yin ɓawo a fata, su hana ruwan alwala isa. Wanda ya zauna aiki bayan Magariba ya san yadda kiran Isha ke riskarsa yana kankare yatsa. Kwalin safar hannu ta roba daga saidaliyya ya raba ka da wannan. In gam ya riga ya kama fata, ruwan goge jan farce mai asiton yana cire shi, amma ka nisanta shi da samfurin, yana cin roba.

Warin gam ɗin nan kuma ba na shaƙa ba ne a rufaffen ɗaki. Mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, iskar ɗakin yake juyawa, ba ya fitar da ita. Ka buɗe taga ko da kaɗan, ka rufe kwalba duk lokacin da ka ajiye burushi, don ruwan yana tserewa cikin iska da sauri a zafin nan. Kwalbar kuma ka kafa ta cikin murfin wani abu mai faɗi ko ka manne gindinta da tebur. In ta kife a kan firam, kit ɗin ya tafi.

Ƙananan abubuwa

Hantsaki mai tsinin baki ɗaya. Ka gwada shi da gashi ko zare, in ya riƙe ya yi. Maƙalan shanya da robar ɗaure kuɗi don riƙe ɓangarori har su bushe. Tsinken sakace, audugar kunne, ƙaramin faranti na zuba ƙananan ɓangarori. Fitilar tebur mai farin haske, wadda ni a wurina ta fi rabin kayan da ake tallatawa amfani. Tef na rufe wurin da ba a so fenti ya taɓa: ruwan ɗorawar nan na Tamiya, mai faɗin milimita 6 ko 10 ko 18, ba ya ɗaye fenti kuma ba ya barin danƙo. Salatif na ofis da tef ɗin masu fentin gida suna narkewa da zafi su bar maiƙo, ka bar su wa kwali.

Fenti da yanayin ƙasar nan

Ka fara da burushi da fentin akirilik. Burushi uku sun isa: lamba 0 don ƙananan wurare, lamba 2, da mai faɗi ɗaya. Vallejo na Sifaniya da ruwa ake sirka shi, ba shi da wari sosai, kuma yana kwanciya da burushi. Na Tamiya masu lambar X da XF sun fi son nasu tina, wato ruwan sirka fenti, mai suna X-20A, kuma suna saurin bushewa, in ka maimaita ja a wuri ɗaya sai na ƙasa ya taso. Enamel irin Humbrol yana kwanciya sumul amma yana ɗaukar sa'o'i kafin ya bushe, ga wari. Kada ka sayi launi ashirin. Takardar umarni ta lissafa waɗanda kit ɗin ke so, ka ɗauki manyan huɗu ko biyar, da baƙi da fari da ruwan azurfa. Shafi siriri sau biyu ko uku ya fi mai kauri sau ɗaya, domin kauri na cike zanen da ke jikin robar.

Gwangwanin feshi na share fage, wanda ake fesawa kafin launi, yana sa fenti ya kama da kyau, kuma yana tona duk wata tsaga da ta ɓuya. A nan ne gari da gari ke bambanta. A Jidda da Dammam, lokacin da iska ta cika da laima, feshi kan bushe da wani fari-fari a samansa maimakon sheƙi. A Riyad da Madina matsalar akasin haka ce: iska a bushe take ga zafi, fentin na bushewa tun kafin ya sauka, sai jikin ya fito da kaushi kamar an barbaɗa yashi. Maganin duka biyun lokaci ne. Ka yi feshi a lokacin da zafi da laima suka yi sauƙi, a baranda ko saman bene, da tazarar kamar santimita 20, sannan ka shigo da abin ciki nan take ka kife masa kwali ko robar ajiye abinci, saboda ƙura. Ranar da aka tashi da guguwar ƙura kuwa a haƙura.

Kada ka bar gwangwanin feshi ko kwalbar gam ko kit ɗin kansa cikin mota a rana. Gwangwani na iya fashewa, sirararan ɓangarori na karkacewa, takardar sitika na lalacewa.

Sitikar kit ta ruwa ce. Ka yanko guda ɗaya, ka tsoma a ruwa mai ɗan ɗumi na daƙiƙa goma zuwa ashirin, ka ajiye a kan tishu har ta fara zamewa daga takardarta, sannan ka tura ta wurinta da jiƙaƙƙen burushi, ka matse ruwan da audugar kunne daga tsakiya zuwa gefe. Ruwan famfo da rani, wanda ya wuni a tankin saman gida, ya yi zafi da yawa. Ka bar shi ya huce. Ta fi kwanciya a kan fenti mai sheƙi. A kan mara sheƙi iska na maƙalewa ƙarƙashinta ta yi fari-fari.

In kana son ganin launin gaskiya da idonka kuma kana Riyad, gidan tarihin jiragen sama na Saƙr al-Jazira yana da jirage a fili, har da DC-3, irin wanda shugaban Amurka Roosevelt ya ba Sarki Abdul'aziz a 1945. Za ka lura jirgin gaske ba ya sheƙi ko'ina, rana ta ci wasu wurare, gefen injin ya yi duhu.

Abin da za ka bari sai gaba

Na'urar feshi da kwamfaresa, ƙaramin injin huda na hannu, ƙullun cike tsaga, ruwan lausasa sitika, gilashin ƙara girma: duk suna da ranarsu, kuma aikin ne zai nuna maka ranar. Saitin nan mai kaya goma sha a jaka ɗaya da ake tallatawa a Amazon da Noon yana da jan hankali saboda araha. Hantsaki da mariƙin wuƙa da sanfefar ciki sukan yi amfani, amma nifar ciki ita ce yawanci mafi rauni, ita ce kuma ka fi buƙata. Araha ba ta ado. In ka sayi saitin, ka sa a ranka za ka sake sayen nifa daban.

Wajen oda daga ƙetare, ka sani gam da tina da gwangwanin feshi kayan kama wuta ne, shagunan waje da yawa ba sa aiko su ta jirgin sama. Waɗannan ka neme su wurin masu sayarwa na cikin Saudiyya, nifa da burushi da kit kuwa ana iya yo odarsu daga ko'ina, ka dai lissafa kuɗin aike da harajin kashi 15 cikin ɗari kafin ka ce ya fi sauƙi.

Wannan dokar ta shafi mai tafiya hutu Kano ko Yamai da niyyar kai wa ƙanne tsaraba. Wuƙa da nifa sai a jakar da ake aunawa, ba ta hannu ba. Gam mai narkarwa da tina da gwangwanin feshi ba sa hawa jirgi ta kowace jaka. Saboda haka in tsarabar yaro ce, kit ɗin da ake matsawa ba gam, tare da nifa mai kaifi biyu da 'yan sanfefa, shi ne wanda zai iya haɗawa a can ba tare da an shiga neman abin da babu a kasuwa ba.